Ka Maido Takardar Ƙanenka

Yamai, ranar Litinin.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ina roƙon Allah ya tsare ka a zaune da tafe, ya kare maka ƙafafunka da kanka, musamman ma kan, don shi na ga ya fi bukatar tsari a kwanakin nan. Innarku tana gaishe ka. Ba ta san abin da ke cikin wasiƙar nan ba. Ta dai ga na ƙi fita kasuwa, na zauna da biro tun safe ga ɗinkin mutane jibge yana jira na, ta ce in ciwo ne in faɗa mata.

Rubutu nake maka don magana ta gagara. Sau uku ina cewa ka zauna, sau uku kana duba waya kana ce mini lokacin atisaye ya yi. Tun da mutumin nan mai baƙin tabarau ya yi maka alkawarin kai ka gwaji wani kulob a ƙasashen bakin teku, ka kwashe kayanka ka koma ɗakin abokanka, gidan ubanka ya zama wurin zuwa cin tuwo a tsaye. To, takarda ba ta da atisaye. Ka karanta ta har ƙarshe, ko a cikin kar ɗin nan ta fasinja da za ka hau ranar Alhamis ne, amma na fi son ka karanta kafin Laraba, kuma ka san dalili.

Ranar Asabar ƙanenka Nasiru ya ce a lekol malamansu suna neman takardar haihuwarsa don a haɗa masa dosiye, wato kundin takardunsa na bak, jarrabawar gama sakandare. Na buɗe akwatin ƙarfen da nake ajiye takardun gidan nan. Ta innarku tana nan, tawa tana nan, taka tana nan kwance lafiya lau, kai mai tafiya. Ta Nasiru da ba ya zuwa ko'ina ita ce ta yi ƙafa. Na zazzage akwatin har ƙasa, na zargi ɓera, na zargi innarku, sai da na ɗaga kai na ga ƙanenka yana kallon yatsun ƙafarsa. Na ce, "Kai, ina takardarka?" Ya ce, "Baba, ni na ba Yaya. Ya ce aro ne. Wai can ba sa ɗaukar mai shekara ashirin da huɗu, sai ɗan sha takwas. Ranar Laraba za su je a yi masa kati da ita, in ya isa zai aiko mini."

Haba Abba! Aro? Takalmin ƙwallo ne? Wallahi da na ji kalmar nan sai da na nemi wuri na zauna, don da bakina na taɓa faɗin ta, kuma ga ƙanena na faɗe ta. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ban taɓa zaton a wannan gudun za ka gaje ni ba.

Ka san bangon nan na ƙofar kulob ɗinku, wanda ya kasance kulob ɗinmu kafin a haife ka, inda ake rubuta sunayen ƴan wasan da suka taɓa buga wa ƙasashensu ƙwallo, kowane da ƴar tutarsa a gefe. Ga golan nan na Togo, ga ƴan Mali biyu, ga na Benin, ga namu na gida a jere. Duk farkon kaka mai fenti yana zuwa ya sabunta su. Tun kana ƙarami kake jan hannuna ka nuna mini layi na bakwai, inda aka rubuta Habu, kana gaya wa yaran kartiye, ƴan unguwarmu, cewa babanka ne. Da ka tambaye ni me ya sa sunana Sale amma a bango Habu, na ce maka sunan fili ne, kowane ɗan ƙwallo yana da nasa. Ƙarya na yi maka. Habu sunan baffanka ne, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, wanda bai taɓa buga ko lemun tsami da ƙafa ba.

Ga yadda aka yi. Na zo Yamai daga Damagaram ina ɗan shekara ashirin da biyu, ina koyon ɗinki a Babbar Kasuwa da safe, da yamma ina bin fili. Ina da gudu, ina da ƙafar hagu, ba yabon kai ba. Wata rana kocinmu na lokacin ya kira ni gefe ya ce ana tattara ƙungiyar matasa ta ƙasa, kuma ya ga zan iya. Ya ce, "Shekarunka nawa?" Na faɗa masa. Ya yi tsaki, ya dubi sama, sannan ya ce, "Ba ka da ƙane?" Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ce in ɗauko komai ba, ni na ƙarasa masa sauran da kaina. Na hau mota na tafi gida, na tarar da Habu yana ɗan sha shida, yana ajin ƙarshe na kolej, yaro mai kai, wanda malamai ke aikowa a gaishe da mahaifinmu saboda shi. Ban tambayi mahaifinmu ba don na san amsarsa. Na ja Habu bayan ɗaki na ce aro zai ba ni, wata uku in maido. Ya shiga ya ɗauko ya miƙo mini da hannu biyu yana murna, wai yayansa zai shiga radiyo.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ga abin da na koya a ciki. Duk abin da za ka karɓa a bayan ɗaki don kada ubanka ya ji, ka riga ka san hukuncinsa tun kafin ka miƙa hannu. Kuma kada ka ce mini Nasiru da kansa ya ba ka. Ƙane ba ya hana wansa. Ko idonsa ka ce ya ba ka, zai tambaye ka na dama ko na hagu. Yardar wanda ke jin nauyinka ba yarda ba ce, kai ma ka sani, shi ya sa ba ka tambaye shi a gabana ba.

Aka yi mini katin ɗan ƙasa da sunan Habu da fuskata, aka yi mini lisans, katin izinin buga wasa, takardar kuma ta shige cikin dosiyena a buron kulob, ofishin da suke ajiye takardu. Wata uku suka wuce. Sai ga wasiƙa daga Damagaram da rubutun Habu mai kyau, yana cewa direktan kolej ya ba su sati biyu kowa ya kawo takardar haihuwa ko a cire sunansa daga jarrabawa. Ya je meri, ofishin magajin gari, neman wata, aka ce littafin shekararsu gara ta ci rabinsa, sai ya kawo ta asalin. A satin nan kuwa aka liƙa sunayen waɗanda aka kira ƙungiyar ƙasa, da ni a ciki. In na je buro na ce a ba ni takardar, za a tambayi dalili. Na ninke wasiƙar na sa a aljihu, na ce bari a gama wasan farko tukuna. Aka gama na farko, aka ce akwai na biyu a waje. Da na dawo an rufe dosiye. Habu ya taɓa maimaita aji sau ɗaya saboda ciwo, don haka ba su ba shi wata dama ba, suka sallame shi.

Kai kana ce wa Nasiru in ka isa za ka aiko. Yaushe? Ranar da ka isa za su karɓe ta. In ka ci gwaji ta zama tasu, in ka faɗi mai tabarau zai ce a gwada wani kulob, a can ma ita za a nuna. Babu ranar da maido ta zai yi maka sauƙi, kullum akwai wasa ɗaya da ya rage. Na san hanyar nan kamar yadda na san hanyar shagona. Kuma zamaninku ya fi namu tsanani, don yanzu har yatsu ake ɗauka a na'ura. Ranar da ka ɗora yatsanka a kan sunan yaron nan, shi ke nan ka fitar da shi daga cikinsa.

Za ka ce ai ni na sa rigar ƙasa. Na sa. Bayan ta matasa har babbar ƙungiya na buga wa sau biyu. Na tsaya a layi a babban fili ana taken ƙasa, lasifika ta kira sunan Habu, jama'a suka ɗauki ihu, ni kuma na ɗaga hannu. Daga baya kakarka ta ba ni labarin ranar. Ta ce maƙwabta sun ji a radiyo, mata suka shigo da guɗa suna yi mata barka, wai ɗanta Habu ya fito da garin. Habun kuwa yana zaune a tsakar gida yana ɓarar gyaɗa. Suka dube shi, suka dubi juna, guɗar ta mutu a baki. Mahaifinmu ya tashi ya kashe radiyon, kuma har ya bar duniya bai sake yi mini maganar ƙwallo ba, ko ta faɗa ko ta yabo. Ka ga ɗaukakar da na samo ke nan, wadda ba a iya kunna ta a gidanmu.

Sannan jiki, Abba. Jiki bai iya karatu ba. Takarda ta ce shekaruna ashirin da huɗu, gwiwata ta ce talatin, kuma ita ta yi gaskiya. Ƴan kallo suka riƙa cewa yaron nan ya tsufa da wuri, wasu suka ce jifa aka yi mini, wani ma ya kawo mini laya in ɗaura. Ni na san babu wanda ya jefe ni. Koci yana ba ni gudun yara ina yi don kada a gane, har gwiwar ta tashi aiki gaba ɗaya. Kai da kake ganin za ka zauna cikin ƴan sha takwas da wannan gemun da kake askewa sau biyu a rana, tsakaninka da Allah, wa kake jin za ka ruɗa? Za su riƙa kiran ka Nasiru kana waiwayen baya kana neman wanda ake kira. In an tambaye ka shekarar da ka gama firamare sai ka yi lissafi da yatsu a aljihu. Ba ka san gajiyar da ke cikin wannan ba, ta fi ta fili.

Da ƙwallo ta ƙare ni na koma sunana cikin sauƙi. Takardata tana nan inda na bar ta, na ɗauka, na zama Sale tela, na auri innarku. Shi Habu bai samu inda zai koma ba. Da makaranta ta kuɓuce ya bi manyan motoci, ya iya tuƙi sarai, ya je neman katin ɗan ƙasa don ya yi permi, takardar izinin tuƙi. Aka duba aka ce an riga an ba da kati da wannan suna da waɗannan iyaye, ga hoton mai shi. Aka tsare shi kwana biyu a matsayin ɓarawon sunan ɗan wasan ƙasa. Kalma ɗaya zai faɗa a sake shi a kama ni, bai faɗa ba. Sai da liman da mai unguwa suka je suka yi belinsa. Daga nan tsoron buro ya shige shi, ko ƙofar ma'aikata ba ya son bi. Ya ƙare yana lodin buhuna a tasha, mutumin da ke karanta wa direbobi takardunsu da Faransanci.

Kuskurena na gaba shi ne wanda ya fi ci mini rai, don a lokacin ba yaro ba ne ni. Maimakon in je in durƙusa in ce ƙanena na cuce ka, ka yafe mini, sai na ɗauki rigata ta ƙasa na goge ta da hannuna, na kai masa tsaraba. A haukana gani nake na ba shi abu mafi daraja da na mallaka. Ya karɓa ya ce, "Na gode, Yaya." Washegari na bi ta tasha zan hau mota, na hango shi da buhun gero a ka, rigar tana naɗe a ƙarƙashin buhun, ya yi gammo da ita. Ba don ya ci mini fuska ba, bai ma gan ni ba. Amfanin da ya ga za ta yi masa ke nan. Na juya na shiga mota, ban yi masa sallama ba.

Don haka kada ka yi wa kanka alkawarin cewa in ka samu za ka saka wa Nasiru, ka sayo masa babur, ka gina masa ɗaki. Na ji ka kana faɗa wa innarku irin wannan, tana ta sa maka albarka ba ta san da me za a saya ba. Wanda ka raba da makarantarsa ba babur yake bin ka ba. Kuma in ka yi wa mutum laifi, ka buɗe baki ka faɗi laifin da sunansa tun yana da ran da zai ji ka, kada ka aika kaya su yi maka magana.

Ka tuna wata ranar Juma'a kana ɗan shekara tara, da mutane suka cika gidan nan da salati, innarku ta fito da ludayi a hannu ba ta san me ya faru ba? Na ce maka radiyo ce ta yi kuskure. Ba ta yi kuskure ba. Habu ne ya rasu a asibitin Damagaram, wani ma'aikaci mai son ƙwallo ya ga sunan ya kira gidan radiyo, aka sanar tsohon ɗan wasan ƙasa ya riga mu gidan gaskiya. Shugabannin kulob da tsofaffin abokan wasana suka ɗunguma zuwa yi wa iyalina ta'aziyya, suka tarar da ni tsaye ina haɗa jaka zan tafi jana'iza. Wani ya rungume ni yana kuka yana dariya, yana cewa, "Alhamdu lillahi, ashe ba kai ba ne! Wani mai irin sunanka ne!" Nan take zaman makoki ya koma barka da arziki, har aka aika a sayo lemo. Ƙanena yana kwance ba a ko binne shi ba, ana murna a tsakar gidana cewa ba kowa ba ne ya mutu. Ni kuma na tsaya ina amsa hannu. Na isa Damagaram an riga an kai shi, gafarar da nake ta ɗagawa ban roƙa ba har yau.

To ka ji. Shekara goma sha biyar ina riƙe da wannan, ko innarku rabi ta sani, yau ka sa na zazzage shi a takarda kamar mai ba da shaida gaban alƙali. Kai kuma duk wannan wahalar don me? Don mai fenti ya hau tsani ya rubuta ka a bango? Ko ka samu, ba kai zai rubuta ba, Nasiru zai rubuta. Ka kai ɗanka gaban bangon ka yi masa ƙaryar da na yi maka.

Ban hana ka tafiya ba, ka ji ni da kyau. Ƙafarka ta fi tawa, na faɗa ko da ba ka taɓa ji daga bakina ba. Ka tafi da shekarunka ashirin da huɗu. In sun ɗauke ka, madalla. In mai tabarau ya ce ba zai kai ka ba sai da takardar wani, ka gane ba kai yake so ba, ɗan sha takwas yake nema ya sayar, kuma ranar da asiri ya tonu zai kashe wayarsa ya bar ka a hannun ƴan sandan ƙasar da ba ka da kowa. In ba a ɗauke ka ko'ina ba, ka dawo ka ci gaba da buga wa kulob ɗinku, masu zaɓen ƴan wasan ƙasa ba makafi ba ne. In ma ba su kira ka ba har abada, ga keke na biyu a shago, ba a taɓa tsare kowa don ya yi ɗinki ba.

Yanzu ga magana ta ƙarshe, kuma ba ta ciniki ba ce. Ina shago ranar Laraba tun safe. Ka kawo takardar Nasiru ka sa a hannuna kafin azahar, ba aike ba, kai da kanka. Ba zan yi maka faɗa a gaban mutane ba, ba zan ma ɗaga kai daga keke ba in kunya kake ji. In aka kira salla ban gan ka ba, zan rufe shago in hau faba-faba, ƴar motar haya, zuwa unguwar Plateau, in shiga buron masu kula da ƙwallo in ba su labari biyu. Nawa zan fara bayarwa, su aika a goge layi na bakwai, duk Yamai ta san abin da Sale tela ya yi wa ƙanensa. Sannan in ba su naka. Na san za ka tsane ni, wataƙila shekaru. Na yarda. Na yi shiru sau ɗaya don kada a ji kunya, na ga abin da shirun ya ci, ba zan ba shi ɗana ba.

Takardarka ta haihuwa tana naɗe cikin wasiƙar nan. Buɗe ta ka dubi abin da aka rubuta. Sunan mahaifina ne na sa maka ranar da aka yanka ragonka, mutumin da na hana jin radiyo a gidansa. Shi ya sa muke ce maka Abba, shi ya sa tun da aka haife ka bakina bai taɓa iya kiran sunan ba. Yau zan rubuta shi, don da shi zan yi maka addu'a, kuma ban san yadda ake roƙa wa mutum tsari da sunan ƙanensa ba.

Allah ya kiyaye hanyarka, Idirisa. Allah ya kai ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya tsare ka daga sharrin wasu da na kanka, ya maido mana kai muna gane ka. Amin.

Ina jiran ka kafin azahar.

Mahaifinka,
Sale